Bakan Gizo a Gindin Kofi

Tun da na dawo daga Kwatano ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Da na zauna a teburin mai shayin bakin tasha sai a yanyame ni. "Ilu, yaya ƙasar masu Faransanci?" "Ilu, wai da gaske mace ce ta tsinka ka a gaban jama'a?" Na ba da labarin nan har muryata ta dusashe, kuma na lura duk wanda ya ɗauka sai ya ƙara masa gishiri, alhali kowa ya san ni ne mai lasisin ƙara gishiri a garin nan. Shi ya sa na ce bari in rubuta, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, ni kuma a bar ni in sha shayina.

Kafin mu shiga mota, ku san mai magana. Ni ne Ilu Mai Roba, haifaffen Balan, mazaunin Gaya. Daga Gaya zuwa Ajingi, kai har ka dangana da Jigawa, babu mahaluƙin da ya san roba kamar ni. Tun ina da gashi a tsakar kai nake tallar bokiti da baho da buta a kasuwannin ƙauye. A rufe mini ido a ɗora mini roba a tafin hannu, zan faɗa maka inda aka yi ta, da ko mai injin ya karya kumallo a ranar.

Da na gaji da sayar da na wasu, sai na haɗa kai da taubashina Sale, tsohon direban babbar mota, muka sayo tsohon injin buga roba ta hannun dillali daga wata masana'anta a Kwatano, muka kafa shi a wani shago a bayan gari. Aikin injin ba shi da wuyar faɗa. Ka zuba masa ƙwayoyin roba, ya narkar da su, ya tura narkakkiyar ta wani ɗan rami zuwa cikin mol, wato ƙarafa biyu da ke haɗuwa su ba da siffar kofi, kamar dai na masu buga bulo. In ta daskare sai ya buɗe, kofi ya faɗo. Kofunanmu garau suke kamar gilashi. Ranar da na farko ya faɗo sai da na yi rawa, Sale ya rufe ƙofa don kada a gani.

To, surukina Malam Haladu na Toranke yana da makarantar Islamiyya, kuma ɗalibansa za su yi saukar Alƙur'ani. Mutumin nan tun da na auri 'yarsa ban taɓa ganin haƙorinsa ba, bai kuma taɓa neman ko allura a wurina ba. Kwatsam sai ga saƙo: in kawo kofunan da za a raba wa masu sauka da baƙin walima. Jama'a, ji na yi kamar an naɗa ni sarauta. Na zaɓi mafi kyau na hau babur na kai masa samfuri, na tarar da shi a zaure da manyan baƙi. Aka kawo kunun gyaɗa daga cikin gida, na durƙusa na zuba a kofina da hannuna na miƙa masa. Ya yi bisimilla, ya kai baki.

Tas!

Gindin kofin ya tsage, kunu ya bi gemu ya sauka kan farar riga. Malam ya ajiye abin da ya rage a hannunsa a hankali, kamar mai ajiye mataccen tsuntsu, ya ce, "Iliyasu, sauka tana nan bayan an shigar da gero. In ka kawo kofin da ke riƙe abin da aka zuba masa, to. In ba haka ba zan aika Kano, kuma ba sai mun sake maganar ba."

Ban san yadda na iso Gaya ba. A gida maiɗakina ta daina kallona, sai dai ta ajiye tuwo ta wuce. A kasuwa kuwa ashe mata sun daɗe suna gunaguni, wai kofin Ilu yana fashewa shi kaɗai a cikin kwando ba wanda ya taɓa shi. Wasu suka ce aljanu. Sale ya ce kambun baka ne. Ni kuwa, da yake na san roba, na ce mutanen Kwatano ne suka sayar mana da injin da ya haukace. Na cika buhu da kofuna, fasassu da masu jiran fashewa, na ce wa Sale ya ɗaura ɗamara, za mu je mu juye musu a tsakar ofis. Na tafi da shi ne saboda ya rantse mini yana jin Faransanci tun zamanin da yake kai kaya Maraɗi.

Daga Gaya zuwa Kano ba labari, sai dai a gadar Wudil na fara jin buhu yana magana a kan cinyata. A Kano muka shiga doguwar motar Legas. Kwandasta ya ce a sa buhu a ƙasa da sauran kaya, na ce sai dai a sa ni tare da shi. Haka na rungume shi kamar mai jego. Kusa da ni wata 'yar kasuwa ce mai jiki, irin waɗanda in sun zauna kujera biyu ke amsa sallama. Duk ramin da mota ta faɗa sai buhu ya ce tas, tas. Ta yi haƙuri har muka wuce Zariya, sannan ta juyo ta ce, "Bawan Allah, in aya kake ci ka ɗan miƙo mana. Rowa ba ta kai mutum Legas."

Na buɗe mata bakin buhu. Ta leƙa, ta dube ni, ta matsa jikin taga, ba ta ƙara yi mini magana ba har muka rabu.

Wani mai tallar magani ya miƙe a tsakiyar mota da kwalba ɗaya, wai tana maganin basir da shawara da mantuwa da rashin kasuwa. Sale ya ɗaga hannu ya ce, "Tana maganin kofi?" Mutumin bai ko yi jim ba, ya ce a shafa safe da yamma. Sai da na danne hannun Sale, don na ga ya fara laluben aljihu.

Legas kuwa ba zan ce na gan ta ba, ita ce ta gan ni. Kowa gudu yake kamar an ce gobara, kowa ihu yake kamar an taka shi. Na yi wa wani sallama in tambaye shi tashar motar iyaka, kafin in kai "wa rahmatullahi" ya yi nisan da ko jifa ba za ta same shi ba. Wani mai sayar da goro ɗan Haɗeja ne ya cece mu, ya sa mu a mota, ya ce in riƙe buhuna da kyau. Na ce masa wanda ya sace buhun nan shi aka cuta.

A kan iyaka aka duba takardunmu lafiya lau, sannan wani jami'i mai fara'a, wanda ya taɓa zama a Arewa yana jin Hausa, ya ce a kwance buhu. Ya zura hannu ya zaro fasasshen kofi. Ya sake zurawa, wani fasasshen.

"Alhaji, ina za ka kai waɗannan?"

"Mayar musu zan yi, yallaɓai."

"A can ka saya?"

"A'a, ni na yi su."

Ya ƙura mini ido. "Kai ka yi su a ƙasarka, suka fashe a ƙasarka, za ka kai wa mutane ƙasarsu?"

Na fara bayani, ya ɗaga hannu ya kira abokan aikinsa su zo su ji da kunnensu. Ɗaya ya zaɓi lafiyayye ya ɗaga sama yana yaba kyansa, ya ɗan matsa shi da yatsa, kofi ya ce tas a hannunsa. Suka yi ta dariya har da riƙe ciki, suka ce mu wuce, ba su da layin da za su rubuta irin wannan kaya. A ɗaya ɓangaren ne asirin Sale ya tonu. Faransancin nasa gaba ɗaya "banjur" ne da "marsi", wato gaisuwa da godiya. Aka tambaye shi sunansa, ya ce marsi. Aka tambaye shi ina za shi, ya ce marsi. Na ce, "Sale, wannan ne Faransancin?" Ya ce ai na Maraɗi daban ne, a can Hausa ake yi.

Abin da ya fara ɗaure mini kai a Kwatano shi ne babura. Mu a Gaya muna taƙamar muna da 'yan acaɓa, ashe wasan yara muke. Can kamar an fasa gidan tururuwa, duk masu haya sanye da riga ruwan ɗorawa. Ga mata a kan babur, ba a goye ba, su ke tuƙi! Na ga wata da goyo a baya, kwandon kifi a gaba, ta sha gaban wata babbar mota tana yi wa direban faɗa. Na ce la'ilaha illallahu, Sale, in maiɗakina ta ga wannan na kaɗe. Sannan dole fasinja ya sa hular kwano. Na cire hulata ta zanna na cusa kaina a kwanon, ya shiga da ƙyar, da muka isa ya ce bai san zancen fita ba. Mai babur yana ja, Sale yana riƙe da ƙuguna, mutanen unguwa suna ba da shawara da yare uku. Da ya fita sai da na shafa na tabbatar kunnuwana suna nan. A bakin titi kuma na ga manyan tulunan gilashi cike da wani abu ja-ja yana sheƙi a rana, na ce kai, ƙasar nan akwai zuma. Na matsa zan ɗanɗana, mai kayan ta daka mini tsawa. Fetur ne.

Muka sauka a Zango, unguwar Hausawa, gidan wani dattijo Alhaji Mamman, mai masaukin fatake, wanda kakansa ya zo da fataucin goro bai koma ba. Hausarsa irin ta mutanen yamma ce. "Mi ya kawo ku garin ga?" in ji shi. Na ba shi labari, ya ce ya san masana'antar, zai raka mu ya yi mana tafinta. Ya ba mu ɗaki tare da buhunan albasar wasu baƙi, har yau in na yi gumi ƙamshin miya nake.

Abinci kuwa, Allah ya sa mu dace. Da safe aka kawo burodi dogo kamar sandar makiyayi, ɓawonsa ya yanke mini dasashi. Da rana aka kawo wani farin tuwo mai tsami a naɗe cikin ganye, da miyar kuɓewa. Na ce alhamdu lillahi, ga 'yar gida. Na zura hannu, sai na ji an riƙe mini yatsa. Na ɗago, ga wani abu mai ƙafafu da almakashi yana kallona. Na yi wurgi da shi na miƙe tsaye ina salati. Alhaji Mamman ya ce, "Ƙaguwa ce, Malam Ilu, ita ce daɗin miyar." Na ce a garinmu in ka ga irin wannan a miya, mai girkin ake kai wa ƙara wurin mai unguwa. Sale ya cinye tasa ya cinye tawa, yana tsotsar ƙafa yana marsi.

Washegari na sa babbar riga na saɓa buhu, na tsara maganganun da zan faɗa tun daga kan kakan wanda ya ƙera injin. Muka isa masana'anta rana tsaka, muka tarar da ofis a kulle. Mai gadi ya ce an tafi cin abinci, sai bayan azahar sosai. Na ce wa Alhaji Mamman ya tambaye shi ko wuta aka ɗauke. Ya ce a'a, wuta tana nan. Jama'a, ku ji fa: akwai wuta, mutane suka kulle ofis suka tafi cin abinci da ɗan barci! Mu a Gaya in aka ce an kawo wuta, mai cin tuwo da loma a hannu yake rugawa. Muka zauna a gindin wata bishiya, zafin teku yana dafa ni a cikin babbar riga, kafin a buɗe rabin fushina ya bi gumi.

Da aka shigar da mu na ce a kira mini babban injiniya. Sai ga wata mata gajeruwa, da furfura a goshi, sanye da rigar aiki mai maiƙo, sunanta Madam Selestin. Na ce wa Alhaji Mamman ya gaya mata maigidan nake nema. Ya ce, "Ita ce maigidan, Malam Ilu. Injin naka ma ita ta yi aiki da shi tun yana sabo."

Na juye buhu a kan teburinta, na fara. Ta bar ni na yi har na gaji. Ba ta ko kalli fasassun ba. Ta zaɓi lafiyayye guda, wanda ko ƙwarzane babu, ta yafito mu zuwa wani ɗan akwati mai fitila a ciki da baƙin gilashi biyu, ɗaya a gaban fitilar, ɗaya a wajen ido. Ta sa kofin a tsakaninsu ta ce in leƙa.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Kofin nan da na sani fari garau, sai ga shi ya zama bakan gizo. Ja, kore, shuɗi, ruwan hoda, layi a kan layi, kamar an zuba baƙin mai a kan ruwa. A gindinsa kuwa, wajen ɗan tabon nan da roba ke shigowa, launukan sun cunkushe sun yi zobe-zobe kamar idon mujiya. Na ja da baya na taka ƙafar Sale. Na zaro kofin na duba, fari. Na mayar, bakan gizo. Sale ya leƙa sau ɗaya ya koma bakin ƙofa yana karanta Ayatul Kursiyyu, yana cewa, "Ban gaya maka ba? Matan kasuwa sun fi ka gaskiya!"

Madam ta yi dariya har ta zauna. Sannan ta ɗauko nasu kofin ta sa. Shi ma akwai launi, amma ɗan fari-fari da toka-toka, sai ɗan rawaya a gindi, shi ke nan.

Ga abin da ta ce, yadda Alhaji Mamman ya juya mini shi. Wai roba a cikinta zare-zare ne ƙanana da ido ba ya gani, a cukurkuɗe, kuma haka suke son zama. In an tura narkakkiya da ƙarfi ta ɗan rami sai zaren su miƙe su bi hanya ɗaya. In sun sami ɗumi da ɗan lokaci sai su saki jiki su koma yadda suke. In kuwa sanyi ya kama su farat ɗaya, sai su daskare a miƙe, a ɗaure tamau kamar tsirkiyar baka. Bayan haka fatar kofi ta waje ita ke fara daskarewa, cikin yana baya, in ya zo hucewa zai tsuke, fata ta hana shi, sai su yi ta jan juna har abada. Kofi yana zaune a kwando kamar salihi, alhali a cikinsa dambe ake. Ɗan zafi ko ɗan maiƙo ya taɓa shi, ko ma ba komai, sai ya rabu.

Na ce to launin fa, wa ya shafa? Ta ce ba kowa. Haske ne in ya ratsa robar da ke ɗaure yake rabuwa biyu, wanda ya bi tsawon zaren da wanda ya gitta su, ɗaya ya riga ɗaya fita. Gilashin nan na wajen ido shi ke haɗa su, saɓanin da ke tsakaninsu ya fito a matsayin launi. Inda launi ya yi yawa ya matsu, nan ɗaurin ya fi tsanani. Na ce wato kofina hawan jini gare shi. Alhaji Mamman ya fassara, ta ce ba ta taɓa jin wanda ya faɗe shi daidai haka ba. Na dubi Sale don ya shaida.

Sai ta ce in gaya mata yadda muke aiki, tun daga kunna inji. Nan fa na gyara tsayuwa, don a nan nake da abin faɗa. Na ce ta sani mu wutarmu baƙuwa ce, ba ta sallama in za ta zo, ba ta sallama in za ta tafi. Saboda haka da an kawo ta, da roba ta fara laushi, bugawa muke, ba ma tsayawa jiran wata allurar ma'aunin zafi ta hau. Madam ta dafe goshi. Na ce na biyu, wannan abin murɗawa na ƙarfin turawa da dannewa, mun kai shi ƙarshe mun bar shi can, don kofi ya cika ya yi ƙwari. Ta dafe da hannu biyu. Na ce saura ma babbar, wadda ni na ƙirƙiro da kaina, ko Turawan da suka yi injin ba su yi tunaninta ba. Ruwan nan da ke zagaya mol yana sanyaya shi, na lura in ya yi sanyi kofi ya fi saurin daskarewa. Sai na sa ake sayo mana ƙanƙara buhu-buhu daga wajen masu sayar da ruwan sanyi muna zubawa a duron da ruwan ke fitowa. Kofi na faɗowa kuma mu tsoma shi a bahon ruwan ƙanƙara. Kafin a ɗauke wuta mun tara tsibi.

Alhaji Mamman ya fassara. Madam ta tambaye shi ya maimaita. Ya maimaita. Ta buɗe ƙofa ta ƙwala kira, ma'aikata suka taru, ta ce in sake faɗa. Ni kuwa na ɗauka lambar yabo za a ba ni, na sake faɗa har da ƙarin gishiri. Wani dattijo a cikinsu ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji kamar an wuce da gawa.

"Malam Ilu," in ji Alhaji Mamman a hankali, "ta ce duk hanyar da ɗan Adam zai bi ya ɗaure roba, ka bi ta, ka kuma ƙaro guda wadda ba ta cikin littafi."

Ba ta bar ni da baki kawai ba. Ta kai mu wajen wani inji ɗan'uwan namu, ta sa aka rage zafin narki, aka sanyaya mol, aka ƙure dannewa, aka buga kofi. Muka kai akwati: kofin Ilu sak, har da idon mujiya. Na ji kamar na haɗu da ɗana a ƙasar waje. Ta sa aka bar mol ya yi ɗumi, aka buga wani, launi ya ragu. Aka ƙara wa narki zafi, ya sake raguwa. Aka sassauta dannewa, zoben gindin ya buɗe ya kusa ɓacewa. Ta jera su a tebur, a ido duk ɗaya, a akwati kuwa kamar ka jera mahaukaci da mai samun sauƙi da wanda aka sallama. Ta ce kada in zarce kuma: zafi ya yi yawa roba ta ƙone ta yi rawaya, dannewa ta yi kaɗan kofi ya fito da lotsawa. Launin ba ya ƙarewa duka, ragewa ake. Kuma irin wannan roba, ko an yi ta daidai, ba ta tafasasshen ruwa ba ce.

Na yi ƙarfin hali na ce to injin fa, ba shi da laifi ko kaɗan? Ta ce a gaishe shi, ya yi haƙuri da mu. Sale ya ce marsi, kuma karon farko ya faɗe ta a inda ya dace.

Da za mu tafi ta koya mini dabara. In sayi baƙin tabarau irin na masunta, mai kashe ƙyallin ruwa, in buɗe farin shafi a fuskar waya, in juya wayar har ta yi duhu a tabarau, sannan in sa kofi a tsakani. Muka saya a kasuwar bakin teku. Tekun ma na gan shi, ruwa ne da yawa, ba abin da zan ƙara.

Dawowa ba ta yi daɗin labari ba, don ba buhu ba baki. Wahalar tana Gaya. Ranar farko da aka kawo wuta, mai niƙa ya tayar, mai walda ya tayar, mu kuwa muka kunna inji muka zauna muna kallonsa yana ɗumi. Sale yana zagaye kamar kazar da za ta yi ƙwai. "Ilu, wuta fa ake ci! Ilu, za a ɗauke!" Maƙwabta suka leƙo suna tambaya ko rasuwa aka yi. Allura tana gab da hawa aka ɗauke. Sale ya zauna a ƙasa ya riƙe kai. Daga ranar muka koma tayar da janareta, muna jin kukansa kamar ana yankar naman jikinmu saboda kuɗin mai. Mai ƙanƙara ya daina amsa sallamata. Kofunan farko suka fito a lotse don na sassauta da yawa, muka yi ta murɗawa kaɗan-kaɗan, ina zaune da baƙin tabarau a cikin shago ina haska kofi da waya, har aka fara cewa Ilu ya dawo daga Kwatano da duba. Wata tsohuwa ta zo in duba mata akuyarta da ta ɓata.

An fara yankan gero muka sami kofin da launinsa ya kwanta. Abin da muke bugawa a wuni bai kai rabin na da ba. Na ɗauki sabo guda da tsoho guda na nufi Toranke.

Malam yana zaure, da baƙi kuma, har da biyu daga cikin na wancan karo, waɗanda na ga sun tattare rigunansu da suka gan ni. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Allah ya gafarta Malam, kafin a zuba komai ina roƙon a duba wani abu." Na miƙa masa tabarau. Ya jujjuya shi kamar zai ƙi, sannan ya sa. Ku ƙiyasta Malam Haladu da rawani da baƙin tabarau na masunta. Na haska tsohon kofi. Ya ce, "Subhanallahi." Na haska sabo. Ya daɗe yana kallo, ya ce a kawo kunu.

Aka kawo, na roƙi a bar shi ya ɗan sha iska, aka zuba. Ya riƙe kofin nesa da rigarsa, muna jiran mu ji tas. Shiru. Ya kurɓa. Shiru. Ya shanye tas, ya ƙwanƙwasa gindin da farce, ya ajiye.

"Ka kawo su kafin Jumma'ar sauka," in ji shi.

Wani sanyi ya ratsa ni, bakina kuma ya buɗe da kansa. Na fara ba baƙi labarin yadda na ƙetare ƙasa na zauna da manyan injiniyoyi muka yi musayar ilimi, har suka tara ma'aikata don su saurare ni. Ina cikin zuba sai na lura Malam bai cire tabarau ba, ni yake kallo, tun daga hula har ƙafa.

"Iliyasu."

"Na'am, Allah ya gafarta Malam."

"Wannan abin, yana nuna na cikin mutum?"

"A'a, Malam, roba kawai."

Ya cire shi a hankali, ya naɗe, ya miƙo mini.

"To, ba komai," ya ce. "Ko da yana nunawa, ya zo a makare. Jikokina a gidanka sun riga sun yi yawa."